Taimus: inda ake tantance ƙwayoyin garkuwar jiki tun muna jarirai

A bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya ta sama, akwai wani ɗan nama mai ɓari biyu da likitoci ke kira taimus. Yawancinmu ba mu san da zamansa ba, amma mahauta sun san shi da ido. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai fiɗa a mayankar Sakkwato ana buɗe ɗan maraƙi, zai ga wani nama fari-fari mai ratsin ja, mai laushi, gunduwa-gunduwa, kwance a gefen maƙogwaro yana gangarawa cikin ƙirji. A tsohon sa da ƙyar za a same shi, kitse ya maye gurbinsa. Haka abin yake a jikin ɗan Adam. Taimus ya fi aiki a jarirai da ƙananan yara, nauyinsa kan kai gram 30 zuwa 40 wajen balaga, daga nan ya riƙa motsewa har tsufa.

Wannan motsewar ce ta sa aka daɗe ana yi masa kallon abin da ba shi da wani amfani. Sai a 1961 Jacques Miller, yana aiki a Landan, ya cire taimus daga ɓerayen da aka haifa a ranar. Suka taso da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, cututtuka suka riƙa kayar da su, kuma da aka dasa musu fatar wani ɓera daban jikinsu bai ƙi ta ba. Nau'in nan su ne ƙwayoyin T. Su ke kashe ƙwayoyin jikin da bairas ya shiga, su ke ba sauran garkuwar jiki umarni, kuma wani rukuni daga cikinsu, masu alamar CD4, shi cutar ƙanjamau ke rusawa.

Kafin a gane abin da ke faruwa a cikin taimus, sai an fara gane matsalar da yake warwarewa. Jiki bai san cutar da zai gamu da ita gobe ba. Saboda haka kowace ƙwayar T takan ƙera wa kanta makarɓi guda, wato wani furotin da ke saman fatarta wanda take gane abu da shi, kuma ƙirar ta kan-mai-uwa-da-wabi ce. Wasu sinadarai biyu, RAG1 da RAG2, su ke yanka zaren gado su harhaɗa guntayensa yadda ta kama, ta yadda miliyoyin ƙwayoyi za su fito kowace da nata makarɓin daban. Amfanin haka a fili yake: ko wace irin sabuwar cuta ta ɓullo, akwai yiwuwar a samu ƙwayar da za ta gane ta. Haɗarin ma a fili yake. Mafi yawan makarɓan ba za su yi aikin komai ba, wasu kuma za su dace da naman jikin mai su, su far masa. Dole a tace. Kuma duk tacewar nan da saƙonni ake yin ta, ƙwaya ta taɓa ƙwaya, ko ta saki wani sinadari maƙwabciyarta ta karɓa.

Asalin ƙwayoyin ba a taimus yake ba, daga ɓargon ƙashi suke tasowa. Suna biyo jini, wasu sinadaran kira irin su CCL25 da CCL21 su ja su zuwa ciki. A lokacin ba su zama komai ba tukuna, suna iya zama ƙwayar B, wato wani nau'in farar ƙwayar jini mai ƙera sinadaran yaƙi da cuta, ko wani nau'in daban. Abin da ke yanke hukunci shi ne taɓawa ta farko. A fatar baƙuwar ƙwayar akwai furotin mai suna Notch1, a fatar ƙwayoyin bangon taimus kuma akwai abokin haɗinsa, DLL4. Da sun haɗu sai a datse jelar Notch1 da ke ta ciki, guntun ya zarce cibiyar ƙwayar inda zaren gado yake, ya kunna abin da zai mai da ita T, ya toshe sauran hanyoyin. A 1999 aka tabbatar da wannan ta fuska biyu. A Suwizalan an kashe Notch1 a jikin ɓeraye, sai ƙwayoyin B suka riƙa girma a cikin taimus. A Amurka kuma an kunna shi da ƙarfi a ɓargo, sai ƙwayoyin T suka fara fitowa a can, inda ba wurinsu ba. Saƙon nan kuwa yana da lokacin da ya kamata ya lafa. A 2004 an gano cewa fiye da rabin masu wata irin sankarar jini ta ƙwayoyin T, wadda ta fi kama yara da matasa, suna da Notch1 da ya lalace ya ƙi lafawa.

Saƙo na biyu shi ne IL-7, wanda ƙwayoyin bangon ke fitarwa. Shi ke hana ƙananan ƙwayoyin mutuwa, ya sa su yaɗu. Idan makarɓin da ƙwayar ke karɓar IL-7 da shi ya samu tangarɗa tun daga gado, jariri kan zo duniya kusan babu ƙwayar T ko kaɗan. David Vetter, yaron nan na jihar Texas da aka haifa a 1971 ya rayu cikin rufaffen tantin roba har gab da rasuwarsa a 1984, irin larurarsa ke nan: wani sashe da makarɓin IL-7 ke tarayya a kansa da wasu makarɓan ne ya lalace.

Makarɓin ƙwayar T sarƙa biyu ne, alfa da beta, kuma beta ake fara haɗawa. Da yake yankan ba shi da tsari, kusan biyu cikin kowane haɗi uku ba ya karantuwa. Ƙwayar da ta dace takan jona sabuwar sarƙarta da wata ta wucin gadi, haɗin ya aika saƙo ciki cewa abu ya yi. Nan take ta daina taɓa beta, ta rarrabu sau da yawa, ta ɗora alamomi biyu a fatarta, CD4 da CD8, sannan ta shiga haɗa alfa. Wadda ba ta dace ba, tafiyarta ta ƙare.

Yanzu aka zo wurin da ya fi ɗaure kai, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar. Ƙwayar T ba ta ganin cuta tsirara. Kusan kowace ƙwayar jiki tana da wasu furotin da ake kira MHC, masu ɗauko guntayen abin da ke cikinta su baje a waje, ƙwayar T kuma ta bi tana dubawa. Rolf Zinkernagel da Peter Doherty ne suka gano a 1974 cewa sai tare da MHC ƙwayar T ke gane cuta, abin da ya ba su kyautar Nobel a 1996. To amma a cikin taimus ba a kawo cuta a gwada ƙwayoyin da ita. Abin da ake baje musu guntayen jikin ne kansa. Ke nan da abu ɗaya ake auna tambayoyi biyu masu karo da juna: shin kina iya ganin MHC ɗin jikin nan, kuma shin ba za ki far wa jikin nan ba?

Amsar tana cikin ƙarfin kamun da kuma daɗewarsa. Mai tuyar masa ta san wuta ɗaya ce a ƙarƙashin tanda: ta yi sanyi ƙullu ya kwanta bai tashi ba, ta yi daidai masa ta nuna har ciki, ta yi yawa baya ya ƙone. Ƙwayar da makarɓinta bai kama komai ba, ba wanda ke kashe ta, saƙon rayuwa ne kawai bai iso mata ba, cikin kwana 3 zuwa 4 ta mutu. Mafi yawansu haka suke ƙarewa. Wadda ta kama sama-sama ta tsira. Wadda ta damƙe da ƙarfi kuwa, damƙar ce ke kunna mata hanyar kashe kanta.

Abin da ke gudana a ciki ya cancanci a tsaya a kansa. Da makarɓi ya kama, wani sinadari mai suna Lck, wanda ke rataye a jelar CD4 ko CD8, sai ya liƙa fosfet a jelar wasu furotin da ke tare da makarɓin. Wannan ya jawo wani furotin, ZAP-70, shi kuma ya tayar da wani mai suna LAT, daga nan saƙon ya rarrabu: kalsiyam ya hau a cikin ƙwayar, wata hanya mai suna ERK ta kunnu. Duka ƙwayar da za ta rayu da wadda za ta mutu, waɗannan sinadaran dai su ne ke aiki. Bambancin shi ne, a kamu mai sauƙi ERK kan kunnu a hankali ya daɗe yana ci ƙasa-ƙasa, a kamu mai ƙarfi kuwa yakan tashi gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, tare da tayar da Bim, furotin da ke buɗe ƙofar mutuwar ƙwaya. A 2006 rukunin Ed Palmer a birnin Basel ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin kamun da ke rayarwa da wanda ke kashewa siririya ce ƙwarai, ƙarin ƙarfi kaɗan ya isa ya juya hukuncin. A lissafin da aka yi a jikin ɓeraye, abin da ke fita daga taimus da rai bai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba. Sauran, wasu ƙwayoyi masu haɗiye gawa ke share su nan take, shi ya sa duk yawan mutuwar nan ba ta jawo kumburi.

Daɗewar saƙon ita ce kuma ke raba aiki. Bayanin da ya fi karɓuwa, wanda Alfred Singer ya gabatar, shi ne cewa ƙwayar da ta tsira takan fara rage CD8 ɗinta. Idan saƙon ya ci gaba duk da haka, to da CD4 take kamu, sai wani furotin mai suna ThPOK ya kunnu ta zama mai ba da umarni. Idan saƙon ya yanke, alamar da CD8 take dogaro ke nan, sai IL-7 da 'yan uwansa su karɓi ragama, wani furotin mai suna Runx3 ya kunnu ta zama mai kisa.

Daga ɓangaren waje na taimus, waɗanda suka tsira sukan bi kiran wani sinadari su nutsa tsakiyarsa, inda wata tambayar ke jira. Ƙwayar da ba ta taɓa barin ƙirji ba, ta yaya za a gwada ta da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, wanda can cikin ciki ake yin sa, ko da furotin ɗin ido, ko na maƙoƙo? Duk lokacin da na zo nan sai na jinjina hikimar halitta. Ƙwayoyin bangon tsakiyar taimus suna da wani furotin mai suna AIRE, wanda ke sa su kunna dubban ƙwayoyin gado da ba nasu ba, kowace ta ɗauki wani ɗan kaso. Wannan ta yi ɗan insulin, waccan ta yi abin da a hanta kawai aka san shi, ta gaba ta yi na fata. Ƙwayar T ta yi kwanaki tana zagayawa a tsakaninsu, idan ta damƙi ɗaya da ƙarfi a kawar da ita. An gano ƙwayar gadon AIRE a 1997 ta hanyar wata cutar gado da aka fi saninta a ƙasar Finland, inda garkuwar jiki ke cin wasu gaɓoɓin da ke sarrafa gishiri da kalsiyam, ga kuma ciwon fungas a baki da farce da ba ya jin magani. A 2002 Mark Anderson da Diane Mathis da Christophe Benoist suka bayyana yadda yake aiki. Har ma an lura cewa mutanen da gadonsu ke sa taimus ya yi insulin da ɗan yawa, ba su cika kamuwa da ciwon sukari nau'i na ɗaya ba, wanda ke kama yara.

Ba duk mai kamu da ƙarfi ake kashewa ba. Wasu daga cikin masu CD4, idan kamunsu ya yi ƙarfi amma suka samu saƙon wani sinadari mai suna IL-2 a kan kari, sukan kunna ƙwayar gado mai suna FOXP3 su zama masu tsawatarwa. Aikinsu har ƙarshen rayuwa shi ne kwantar da 'yan uwansu da suka sulale daga tacewar suna neman taɓa jiki. Shimon Sakaguchi ya bayyana su a 1995, Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano FOXP3 a 2001, su ukun kuma suka karɓi Nobel a 2025. Yaro namiji da aka haifa FOXP3 ɗinsa a lalace yakan fara gudawa mai tsanani da ciwon sukari da ƙurajen fata tun yana wata-wata, ba don wata cuta ta shige shi ba, garkuwarsa ce ke cin sa.

Shi ya sa nake jin ba daɗi idan na ji masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa suna cewa kwalba kaza tana ƙara ƙarfin garkuwar jiki, kamar ƙarfi ne kaɗai abin nema. Babban kaso na aikin taimus rage ƙarfi ne da sanya linzami. Garkuwar da ta fi ƙarfin linzaminta ita ce ke kwantar da masu ciwon sukarin yara da masu wasu cututtukan gaɓoɓi.

Fita ba ta da wuya. Ƙwayar da ta kammala takan ɗora makarɓin wani sinadari mai suna S1P, wanda ya fi yawa a jini, ta bi shi ta fice. A ɓera tafiyar duka kan ɗauki kimanin mako 3.

Saƙon kuwa ba ta gefe ɗaya yake tafiya ba. Ƙwayoyin bangon tsakiya ba sa balaga su kunna AIRE sai sun karɓi saƙo, ta wani makarɓinsu mai suna RANK, daga ƙwayoyin da suke tacewa, ke nan kowane ɓangare yana gina ɗayan. Amma in babu bangon sam, ɓargo mai lafiya ba zai wadatar ba. Akwai jariran da ake haifa babu taimus, galibi masu larurar DiGeorge mai tsanani. A Jami'ar Duke ta Amurka, Louise Markert ta shafe shekaru tana gwada wata hanya da hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da ita a 2021. Ana karɓar guntun taimus da dole a cire wa wani jariri yayin tiyatar zuciya, a yanyanka shi siri-siri, a rena shi a ɗakin gwaji har yawancin ƙwayoyin T na mai shi su fita, sannan a dasa a cikin tsokar cinyar mara lafiyar. Ƙwayoyin ɓargonsa su bi jini su same shi a cinya, bayan watanni su fara fitowa a matsayin cikakkun ƙwayoyin T. Wurin bai dame su ba, saƙonnin suke bi.

Ina wannan ya shafe mu a Sakkwato? Ta hanya biyu, ɗaya ba ta da yawa, ɗaya kuwa kullum muna ganinta.

Ta farko ita ce cututtukan gado. Lalacewar RAG, ko wani sashen makarɓin IL-7 (ba irin na David Vetter ba), ko ZAP-70, sai yaro ya gaji gurɓataccen kwafi daga uwa da uba duka take bayyana, kuma auren zumunci, wanda muke yi sosai, yana ƙara yiwuwar haɗuwar. A Amurka ana ɗigar jinin diddigen jariri a nemi wasu 'yan zobban zaren gado da ke saura lokacin haɗa sarƙar alfa. In babu su, taimus bai fitar da komai ba. Jihar Wisconsin ta fara a 2008, kafin ƙarshen 2018 duk jihohin sun bi. Mu abin da ke hannunmu shi ne tarihin gida. Idan ma'aurata sun rasa jarirai biyu ko uku a jere cikin watannin farko, da ciwon huhu da gudawa da farin baki da suka ƙi jin magani, wannan labari ne da ya kamata likitan yara ya ji tun ana goyon cikin na gaba, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani babban asibiti. Irin waɗannan jariran kuma rigakafin da sauran yaran unguwa suka yi shi ne katangarsu daga ƙyanda da makamantanta.

Ta biyu ita ce tamowa. Daga Yuni zuwa Satumba, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun taso, layin awon dantse kan yi tsawo a asibitocinmu. Ma'aikaciya ta zagaya tef a hannun yaro, ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5. Uwar ta ce, "Malama, yaron nan bai gama wannan ciwo ba sai wani ya taso." Gaskiya ta faɗa, kuma taimus na cikin dalilan. A duk gaɓoɓin garkuwar jiki yana cikin waɗanda yunwa ke fara cinyewa. Jikin da ke cikin yunwa ko ciwo mai tsanani yakan ƙara sinadarin kotisol, kuma ƙwayoyin nan masu CD4 da CD8 a tare, waɗanda ke tsakiyar gwaji, sun fi kowa saurin mutuwa da shi. Leptin, wanda kitse ke fitarwa kuma yake ba su kariya, ya ragu. Zinki, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, ya yi ƙaranci. Ɓangaren wajen taimus ya zube, a daidai shekarun da ya kamata yaro ya tara mafi yawan ire-iren ƙwayoyin T da zai rayu da su.

An auna wannan a ƙasashe masu yanayi irin namu. A Gini Bisau an ga cewa jariran da aka haifa da ƙaramin taimus sun fi mutuwa a farkon rayuwa. A karkarar Gambiya an ga taimus ɗin jarirai ya fi ƙanƙanta a lokacin yunwar damina, an kuma samu ƙarancin IL-7 a nonon iyayensu mata a wannan lokacin. Garkuwa mai rauni irin wannan ita ce ƙasar da cutar noma ke tsira a kai, cutar da ke farawa daga dasashi ta ci kunci da leɓe, wadda Sakkwato ke da asibiti na musamman dominta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023.

Taimus ɗin yaro yana farfaɗowa in an ciyar da shi, sai dai ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙiba. A Jamaika a 1977 an nuna cewa ba da zinki ga yaran da ke murmurewa daga tamowa yana sa taimus ɗinsu ya sake girma. A Bolibiya cikin shekarun 1990 an bi irin waɗannan yara da na'urar hoton ciki, aka ga nauyinsu ya dawo tun kafin taimus, wanda ya ɗauki kusan wata 2, zinki kuma ya gajarta lokacin. Haɗin gyaɗa da madara da ake ba masu tamowa yana ɗauke da zinki a ciki, don haka raba shi da yayyen yaro ko tsayar da shi da zarar kumatu sun ciko yana katse gyaran da ido ba ya gani. Yaron da tef ɗinsa ya bar ja a makon nan, har yanzu ana bukatar a kai shi ranar da aka ce a dawo, a cika masa rigakafinsa, a kwantar da shi cikin gidan sauro, kuma zazzaɓi ko gudawar da ta same shi cikin watannin nan a kai shi asibiti a ranar.